Gurbin Ruwa a Gindin Tuffa

Kebek, Kanada, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Ramatu, maman Anisa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Anisa, da Baba da ƙafarsa, da mutanen Harobanda duka. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Ga labari. Madam, mai kamfanin shirya lambuna da nake wa aiki, ta ba ni aikina na farko ni kaɗai. Itatuwan tuffa goma sha takwas zan dasa a farfajiyar wani gidan tsofaffi. Ta ce in aikin ya yi kyau, a watan Mayu za ta sa hannu a sabunta mini takardar zama, kuma da wannan takardar ce zan iya neman ku zo ke da Anisa.

Ta ba ni pilan a takarda, an zana komai, har inda benci zai zauna. A ciki an ce kowane itace a ɗora shi bisa ɗan tudu. Tudu fa, Ramatu! Shekara ashirin ina bin Baba a lambunsa na bakin kogi, ban taɓa ganin ya dasa ko lemu ɗaya bai yi masa gurbi a gindi ba, don ruwa ya zauna ya shiga. Hannuna ya ƙi. Na nutsa su ƙasa, na yi wa kowanne gurbi mai kyau kamar akushi, na cika da ruwa. Na ce mai zanen a biro yake zaune bayan tebur, ni kuwa ɗan lambu ne. Ki gaya wa Baba aikinsa ya ƙetare teku.

Ki je kasuwar Wadata wajen masu gwanjo ki sayo wa Anisa rigar sanyi mai kauri. Ki ɗauko wadda ta fi ta girma, don ta yi mata daidai baɗi.

Mijinki,
Isaka

Kebek, 27 ga Janairu

Ramatu,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Baba, yaya tarin Anisa? Na ga hoton rigar. Ja ce, hannuwan sun rufe mata yatsu. Ta yi.

Ban gaya miki a waya ba, don Baba yana kusa. Bayan na gama dashen an yi kwana tara ana ruwa. Ƙasar nan laka ce, ba ta shanye ruwa kamar yashinmu. Ruwan ya zauna a gurbin, sanyi ya sauko, ya daskare. Madam ta zo duba aiki ta tarar da kowane itace tsaye cikin ƙanƙara. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi ya fi mini. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa da makullin mota, ta ce a ƙasarmu ƙishirwa ke kashe itace, a nan kuwa ruwan da ya kwana a gindinsa. Ta ce ba abin da za a iya yi, ƙasa ta zama dutse, sai a jira Mayu.

Yanzu ba dashe. Dusar ƙanƙara muke kwashewa a ƙofar gidajen mutane. Ina kwashewa, ta sauko, in sake kwashewa. Ran Lahadi nakan shiga bis in je gidan tsofaffin in tsaya bakin wayar shinge. Sanduna goma sha takwas ne a cikin farar ƙanƙara, mai rai da matacce duk kamarsu ɗaya. A gida da na kankare ɓawon da farce na ga ko da rai. A nan ko na kankare ban san me nake gani ba.

Kin tambaye ni ko ina jin tsoro. Ban sani ba. Ina ci, ina salla, ina barci. Ba na jin komai, kamar yadda yatsuna suke yi in na daɗe a waje.

Ki gaida kowa.
Isaka

Kebek, 22 ga Mayu

Maman Anisa,

Assalamu alaikum. Ina fata zafin bana bai wahalar da ku ba, Baba kuma yana samun sauƙi.

Huɗu sun yi ganye. Su ne na can gangare, inda ruwa ya samu hanya ya tsiyaye. Goma sha huɗu ni na tuge su da hannuna jiya, ba su ma yi gardama ba. Saiwar ta yi baƙi, tana wari.

Madam ta ce ba ta ga mai ƙwazo kamata ba, amma ba za ta iya riƙe wanda aka ba pilan ya bi son ransa ba. Ba ta sa hannu ba. Gaskiyarta ce. Na yi mata godiya, na wanke shebur na rataye. Takardata za ta ƙare ƙarshen Yuli, kafin nan zan taso.

Abu ɗaya nake roƙonki. In Baba ya tambaya, kuma zai tambaya, ki ce sanyi ne ya kashe su. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kada ki ambaci gurbi. Kin ce tun Oktoba duk wanda ya zo sayen dashe sai ya ba shi labarin aikinsa ya je Kanada. Ki bar masa wannan.

Rigar kuma kada ki mayar. Kin ce kullum sai ta sa ta da rana tsaka tana gumi, wai tana koyon sanyin ƙasar Abba. Ki bar ta ta sa. Ni zan gaya mata in na zo.

Naki,
Isaka