Ba Inna Baturiya Ba Ce

Gilasgo, Maris 1965

Yaya Gwadabe,

Gaisuwa mai yawa. Ina Laraba da yara da mutanen Mahuta? Ni lafiya lau. Sanyi ya tsattsaga mini yatsu, nakan wuni ban yi hira da kowa ba, amma na saba.

Na ji an kori Inna Baturiya, matar Baba, daga gida ta koma Bakori, wai ita ta kama kurwar Baba har ya rasu. Yaya, saurare ni. A asibitin da nake koyon aiki ina ganin masu irin ciwonsa: ciwon kai da asuba, amai, ido ya dushe, sai faɗuwa. Ƙari ne ke fitowa a ƙwaƙwalwa. In likita ya yanko shi, ni nake shirya shi a duba a madubin da ke ƙara girman abu. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da 'yan murhunanta masu ba ta ƙarfi, Turawa suna kiransu mitokondiriya. A ƙwayoyin ƙarin na ga sun kumbura sun lalace. Ana kan neman dalili. Amma nan ba wanda ya san Inna, ciwon kuwa yana kashe mutane.

Ita ta goye mu da mahaifiyarmu ta rasu. Ka je Bakori da kanka ka dawo da ita. In dattawa sun ƙi, ka ce na gani da idona, su jira ni.

Allah ya raya yara. Ka ce wa Inna ta ajiye mini daddawa, da kaka ina tafe, kuma a ɗakinta zan sauka.

Ƙaninka,
Yusufu