Ina So In Wuce Modibbo Ko Sau Ɗaya

Malam Husaini, assalamu alaikum. Ka taimake ni da shawara, don wannan magana ba wadda zan iya faɗa wa mutanen gidana ba ce.

Ni dattijo ne, a Showak ta ƙasar Sudan nake zaune. Na yi karatun injinan noma lokacin da ake ta buɗe manyan gonaki a ƙasar Gadarif, aka ce mu za mu riƙe su. Ba mu riƙe komai ba. Aka raba filaye ga masu uwa a gindin murhu, mu aka bar mu da takarda da baƙin mai a farce. Cikin waɗanda suka samu har da Modibbo, wanda muka zauna benci ɗaya, ni nake yi masa lissafi.

Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar akori-kura mai silinda shida da wanmu Mudi ya bari, muka gada ni da ƙanwata Ummusalama. Na daɗe ina ƙara wa motar ƙarfi, na canja kafireto, na buɗe salansa. Amma duk ranar kasuwa in na hau titin Gadarif, sai Modibbo ya taso daga baya a sabuwar motarsa, ya danna mini ham, ya wuce. Ina so in wuce shi ko sau ɗaya kafin in mutu. Na san wannan magana ba ta dace da furfura ba.

Yanzu wani ɗan'uwanmu da ke Jidda ya aiko mini da sababbin hannayen bawul, ƙarafan nan na kan inji da ke danna bawul ya buɗe. Waɗannan suna tura shi ƙasa fiye da na asali, inji ya shaƙi iska sosai, gudu ya ƙaru. Sai dai in bawul ya sauka fiye da kima, karo zai yi da fistin, inji ya tashi aiki. An koya mana gwajinsa: ka cire kan inji, ka ɗora laka a kan fistin, ka mayar, ka juya injin da hannu, ka sake buɗewa ka ga kaurin da ya rage. Laka kuwa ba ta yi mana ƙaranci a ƙasar nan ba. Ban yi ba, Malam. Ina tsoron abin da za ta nuna. So nake in ɗaura kawai in tayar.

Ga riɗi ya kusa nuna. Tun rasuwar mijinta, Ummusalama abinci take sayar wa masu yankan riɗi, a motar nan nake kai ta gona da tukwane da durom na ruwa. Abin da ta samu a kakar shi suke ci ita da 'ya'yanta har shekara ta zagayo. Jiya ta same ni ina goge ƙarafan, ta ce Allah ya yi wa Yaya albarka da yake kula musu da mota. Ban faɗa mata aikinsu ba. Shi kuma Modibbo da an gama girbi Khartoum yake tafiya, sai damina. Me zan yi?

Tsohon ɗalibi, Showak

Wa alaikumus salam, Baba.

Ban yi maka dariya ba. Mutumin da aka koya wa aiki aka hana shi wurin yi, ba laifi ba ne ya so ya ga iyakar hannunsa, kuma son inji ba ya tsufa. Ƙarafan naka ne, kada ka yar da su.

Amma motar ba taka ce kai kaɗai ba. Riɗi ba ya jiran makanike. In fistin ya fashe a tsakiyar kaka, Modibbo ba zai ma ji labari ba, tukunyar Ummusalama ce za ta huce. Saboda haka kada ka kwance ko ƙusa ɗaya sai an ɗaure damin ƙarshe. Kafin nan ka faɗa mata ainihin aikin ƙarafan. Addu'ar da ta yi maka, ba ta san a kan me ta yi ba.

Bayan girbi, da yardarta, ka yi gwajin da ka sani. Ka duba sifirin na bawul ma, kada ya matse har ƙarshe. In laka ta bar wuri, ka ɗaura, ka riƙa canja baƙin mai a kan kari. In ba ta bari ba, gara ka ji daga laka a tsakar gida da ka ji daga fistin a kan titi. Tsere a titin Gadarif, hanyar manyan motocin Kassala, kuwa ba zan ba ka goyon baya ba, ka nemi fili bayan rani ya busar da ƙasa.

Ham ɗin Modibbo ban san abin da ke cikinsa ba, kai ma ba ka sani ba. Ranar kasuwa mai zuwa ka miƙa hannu ka tsayar da shi, ku gaisa. In wulaƙanci ne, da damina zai dawo ya same ka da injinka lafiya. In gaisuwa ce yake yi maka duk shekarun nan, to lokaci ya yi da za ka amsa.

Allah ya ba da kaka mai albarka. Ka gaida Ummusalama.

Malam Husaini