Gwiwar Hagu

Belzoni, Mississippi, 8 ga Disamba, 1986

Ƙanena Jarvis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mun ji jami'arku ta samu gurbi a wasan ƙwallon Amurka na kofin Sabuwar Shekara a Florida. Coci ta ɗauki hayar bas, Mama har ta ɗinka riga kalar makarantarku.

Na kalli wasanku na ƙarshe a talabijin ɗin shagon aski. Kowa na kallon ƙwallon da ka runguma, ni ƙafarka nake kallo. Duk juyin da ka yi, dama ka yi. Da aka kayar da kai, da hannu ka dogara ka tashi. Me ya sami gwiwar hagu? Kada ka buga wasan nan.

Yayanka,
Cleotis

15 ga Disamba

Yaya Cleo,

Ina gaisuwa. Yaushe mai kiwon tarwaɗa ya zama likita? To, ta kumbura, ka ji daɗi. Koci ya ce allura ɗaya ce kafin wasa, ba zan ji komai ba. Masu zaɓar wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa za su zo, kuma shekarata ta ƙarshe ke nan. In na zauna a benci, sai dai in dawo tafki mu yi ƙarnin kifi tare. Kada ka gaya wa Mama.

Naka,
Jarvis

22 ga Disamba

Ƙanena,

Barka da Kirsimeti. Na shiga zan gaya wa Mama, na tarar tana goge rigar tana waƙar coci, na fito. Na sami Fasto, ya ce garin nan bai taɓa samun abin nunawa ba sai kai, in bar wa Ubangiji. Kifi yana ƙarni, gaskiya ne, amma da ƙafa biyu nake zuwa wurinsa. Ni ba zan bi bas ɗin ba, dole wani ya zauna ya ciyar da kifayen.

Ubangiji ya tsare,
Cleotis

Asibiti, Florida, 4 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Kafin hutun rabin lokaci na juya hagu. Koci bai yi ƙarya ba, ban ji komai ba, ƙarar gwiwar kawai na ji. Da aka ɗauke ni, filin duka ya tashi yana tafi, Mama ma tana yi. Mun ci wasan. Masu zaɓen ba su zo duba ni ba. Likita ya ce zan iya takawa, amma ban da ƙwallo.

Ga agogon da aka raba mana mu 'yan wasa, ka ɗaura.

Jarvis

10 ga Janairu

Ƙanena,

Sannu da jiki. Na sauko da gadonka ɗakin ƙasa. Maigidana ya ce akwai aiki a wurin awon kifi, a zaune ake yi.

Sai ka zo.

Cleotis