Ni Na Kai Ƙarar Madam Mariyama, Ni Nake Janye Ta

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shugaban ƙungiyar da ke riƙe da ɗakin duba ido na garinmu, Dakoro.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, kai da iyalinka da abokan aikinka, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Lawali, amma Mushe Lawali kowa ke ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, don na shekara talatin da ɗaya riƙe da alli, daga Ɗan Gulbi zuwa Ajekoriya zuwa nan cikin gari, kafin in aje shi in huta. Ba ka san fuskata ba, amma ka san rubutuna. Ni ne na rubuto maka ƙarar Madam Mariyama, ma'aikaciyar da kuka ajiye mana tana duba idanunmu, ƙarar da ka amsa da takardar ɗauke ta daga garin nan a ƙarshen wannan wata. Waccan da Faransanci na rubuta, na liƙe, na aiko a ɓoye. Wannan da Hausa nake rubuta ta, kuma a buɗe, don mutanen da na bi gida-gida suka dangwala mini yatsa su ji in an karanta musu.

Na ɗaya: yadda abin ya faru, ba yadda na rubuto maka ba.

Shekarata goma sha ɗaya ina fama da ciwon sukari. Karnena, wato ɗan littafina na asibiti, ya cika da lambobi har an liƙa masa wani, amma ban taɓa jin cewa sukari na taɓa ido ba. Bara bayan sallar layya layukan rubutu suka soma karkace mini, ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a gabana, in kai musu hannu ba su tashi. In na duba madubi kuwa idon fes yake, babu yana, babu ja. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa tabarau ne suka tsufa. Ranar kasuwa na hau motona, wato babur ɗina, na tafi ɗakin duba ido, niyyata a ba ni masu ƙarfi in dawo kafin azahar.

Madam Mariyama ba ta fara da tabarau ba. Ta tambayi sukarina, ta karɓi karnen ta karanta shi tun daga shafin farko, abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ta ɗiga mini magani a ido biyu, ta ce in jira a waje. Da ta kira ni sai ta kashe wutar ɗakin, ta ɗauki ƙaramar fitilarta ta leƙa idona, ta daɗe tana leƙe har wuyana ya ƙage. Ta ce jini na tsattsafowa can bayan idona, dama da hagu, a wata siririyar fata da ke shimfiɗe a bangon ciki, wadda ita ke karɓar hoton duk abin da mutum ya kalla. Su retin suke ce mata. Ta rubuta mini takarda zuwa babban likitan ido a Maradi, ta ce a cikin satin nan zan tafi, ba bayan girbi ba. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci. Na zo neman tabarau, yarinya sa'ar waɗanda na koya wa baƙi da wasali tana tura ni Maradi.

Ta ce ta gaya mini kada in hau moto sai yamma. Ni ban tuna ba. Yau da na san ta, na kuma san kaina in ina fushi, maganarta na ɗauka.

Na fito rana tsaka, duniya ta koma fari fat. Ban ga hanya ba, ban ga mutane ba, sai haske mai soka kai. Girman kai bai bar ni in koma in tambaya ba. Na tayar da moto, kuma a kwanar kasuwar dabbobi na zube cikin rairayi a tsakiyar tumakin wani bawan Allah. Riga ta yage, hula ta yi nata wuri, dillalai suna ɗaga ni suna danne dariya. Kashegari gani ya dawo yadda yake, amma wannan ɓangaren ban kai shi majalisa ba. Abin da na kai shi ne an ɗiga mini abin da ya makanta ni. Takardar Maradi kuwa na cusa ta cikin wani tsohon littafi.

Bayan sati biyar, ina alwalar la'asar, idon hagu ya cika da hayaƙi, ja da farko, sannan baƙi. Nan na ce magana ta fito. Na zauna na tsara ƙara da Faransancin da na shekara talatin ina gyara wa yara, na bi mutum ashirin da uku waɗanda aka taɓa ɗiga wa maganin nan. Kowannensu ya ce lalle ya fito bai ga hanya ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ne ban tambaye su ko gani ya dawo da yamma ba, don ban so jin amsar.

Wata huɗu na yi ina wannan aiki. Uwar gidana ce ta gaji, ta zaƙulo takardar daga littafin, ta ce ko in shiga motar Maradi ko in nemi mai dafa mini tuwo. Na shiga.

A Maradi likitan ya ɗauko kwalba, ina kallo sai na ga irin ta Madam Mariyama ce sak. Na riƙe masa hannu. Bai yi fushi ba. Ya bayyana mini cewa ɗan baƙin nan na tsakiyar ido ƙaramar ƙofa ce, maganin buɗe ta yake yi don a ga cikin ɗaki da kyau. Shi ya sa haske ke yi wa mutum yawa, kuma bayan 'yan sa'o'i ƙofar ta koma yadda take. Ba ya sa jini, ba ya makanta kowa. Ya ɗauki hoton bayan idona da na'ura, ya nuna mini. Na ga ɗigo-ɗigon jini, na ga wasu sababbin jijiyoyi sirara da suka tsiro inda bai kamata ba. Ya ce sukari ne ya toshe na asali, ido ya yi waɗannan don ya ceci kansa, su kuwa ba su da ƙwari, fashewa suke yi. Ɗaya daga cikinsu ce ta fashe mini a hagu.

Daga nan ya buɗe takardar Madam Mariyama. Ashe ta zana idanuna biyu da alƙalami, ta sa alama a duk inda ta ga jini. Ya ajiye zanenta kusa da hoton na'ura, wuraren suka dace ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni wa ya rubuta, ya ce duk wanda ya ga wannan da fitilar hannu ya san aikinsa. Sai ya duba ranar da ke jikin takardar, ya dube ni, ya tambaye ni inda na tsaya. Ranka shi daɗe, na sha tsayawa gaban manya, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aka tura ni Yamai. Sau uku aka yi wa idon dama aikin leza, wato hasken da ake ƙona wuraren da suka lalace da shi don jijiyoyin banzan nan su daina tsirowa, aka kuma yi mini allura a cikin ƙwayar idon, wadda tsoronta ya fi zafinta nesa. Na dama ya tsira, da shi nake wannan rubutu, da manyan baƙaƙe. Na hagu an makara. Tabo ya riga ya janye fatar daga bangonta, yanzu dare da rana kawai yake bambantawa.

Na biyu: abin da na tarar da na dawo.

Ɗakin da a da sai ka yi sammako kake samun wurin tsayawa, na same shi mutum uku a kan benci. Na shiga neman gafara, na shirya dogon jawabi tun daga gida. Madam Mariyama ta bar ni na kai rabi, ta ce ta yafe, ta tambaye ni nawa sukarina ya nuna da safe. Ta duba aikin da aka yi a Yamai, ta yi murna da shi kamar idonta ne. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Akwai Alhaji Bello, makiyayi daga wajen Azagor, mai sukari da tansiyo, wato hawan jini, ɗaya daga cikin waɗanda na sa suka dangwala yatsa. Ta ga irin abin da ta gani a idona a nasa, kuma randebunsa, wato ranar da ta sa masa ya dawo, ya wuce sau biyu bai zo ba. Ta ce in na gan shi in lallashe shi. Na same shi ranar kasuwa wajen raƙuma, na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya maimaita mini maganata ta bara, kalma bayan kalma, ya ce shi a bakin mai ilimi ya ji ta, ba zai kai idonsa a kashe ba. Har yau bai zo ba.

Kayanta kuma na gan su a ɗaure a kusurwar ɗakin. Ba ta ce in rubuto maka ba, ba ta ma san ina rubutawa ba.

Na uku: kukana da kai, ranka shi daɗe, don laifina bai wanke naku ba.

Ƙarata ta sami amsa cikin sati uku. Babu wanda ya zo Dakoro ya tambaye ni, babu wanda ya duba idon da na ce an kashe, babu wanda ya kira ko mutum ɗaya cikin ashirin da ukun nan. Ita ma ba a zaunar da ita an ji ta bakinta ba. Lokacin da nake koyarwa a lekol, in uba ya kai ƙarar malami, sai mai duba makarantu ya zo ya zauna a bayan aji ya gani da idonsa kafin a taɓa kowa. Ku kuwa kuna da likitoci. Da ɗaya daga cikinsu ya karanta shafin farko, da ya gane cewa tsoho ne aka buɗe wa ido ya fita rana. Faransancina ne ya yi muku kyau, shi ke nan.

Na matsa mata da tambaya, da ƙyar ta gaya mini cewa cikin shekara biyu sau huɗu ta rubuto tana neman abu biyu: rumfar da mutane za su zauna bayan an ɗiga musu magani, da mutum na biyu da zai taya ta. Ko ɗaya ba a amsa ba. Ita ke rubuta suna, ita ke ɗigawa, ita ke dubawa, ita ke bayani da Hausa, ta kuma lallaɓa da ɗan Fillancin da ta koya a nan. Mutum ya fito ido a buɗe, babu inuwa sai ta jikin katanga, kuma ƙauyensa na da nisa, dole ya kama hanya. Da akwai rumfar zana da tabarma biyu, da ban faɗa cikin tumakin mutane ba, da wataƙila ba a kai nan ba.

Kuma takardar da ta ɗauke ta ba ta ambaci wanda zai maye gurbinta ba. Mai yanar ido yakan jira, ranar da aka cire masa ya gani. Irin ciwonmu ba ya jira, ba a ganinsa daga waje, kuma abin da ya ci ya ci. Mata da tsofaffin Ɗan Gulbi da Azagor ba za su tashi su tafi Maradi a kan idon da ba ya ciwo ba, sai in wani a nan ya leƙa ya ce musu su tafi.

Saboda haka ina roƙon ka abubuwa huɗu.

Ka soke takardar ɗauke Madam Mariyama. Na janye ƙarata gaba ɗaya, kuma goma sha tara daga cikin masu yatsa sun yarda in janye da sunansu. Sauran ina bin su.

Ka sa a kafa rumfar nan, a kuma samo mata mataimaki. In itace da zana ne matsala, mu 'yan majalisarmu za mu kawo, izini kawai muke nema.

Ka nema mana wajen masu kula da ciwon sukari su ƙara layi ɗaya a karnenmu, inda za a rubuta ranar duba bayan ido kowace shekara, ko mutum yana gani garau.

Ka ba da izini a yi bayanin maganin ɗigon nan a rediyon gari, da Hausa da Fillanci da Buzanci. Ni zan fara magana, in faɗi sunana, in faɗi abin da na yi. Da bakina na ɓata, da shi ya kamata in gyara.

In kuwa dole sai an hukunta wani a kan waccan takarda, sunan da ke samanta nawa ne. Ido ɗaya ya rage mini, likitan Yamai ya ce kada in kuskura in tsallake dubawa ko sau ɗaya. Randebuna na gaba ya faɗo kwana tara bayan ranar da kuka sa mata ta bar gari, kuma ban san wanda zai leƙa mini shi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kiyaye maka ganinka har ƙarshen rayuwa, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya saka wa Madam Mariyama da alherin da ni ban iya saka mata da shi ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mushe Lawali, tsohon malamin makaranta,
Dakoro.