Ɓeraye Nake Ba Wa Wiwi, Yaya

Aberdeen, 14 ga Maris, 1996

Yaya Nu'uman,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, tarin ma ya fara sauƙi.

Na ji ka cika Suleja da cewa wiwi nake sha, har Inna ta daina cin abinci. Ɓeraye nake ba wa, a ɗakin gwaji. A ƙwaƙwalwa akwai gurbin da sinadarin wiwi ke maƙalewa, sai jijiya ta rage saƙon da take aika wa 'yar'uwarta. Ƙwaƙwalwa ma tana yin irin nata, don jijiya ta san lokacin yin shiru. Kowa na da shi. Naka ne nake shakka.

Allah ya shirye ka. Ka karanta wa Inna wannan, kada ka tsallake layi. Na aika wa ƙanwarmu Tayyiba kwafi.

Ƙaninka,
Ja'afar