Ruwan Inna a Zauren Baba

Birnin Kudu,
Lahadi, 11 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Hadi da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali a can Fatakwal, ya buɗa wa Alhaji kasuwa, ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mai ɗakina Barira tana nan, ƙafar da take kuka da ita ta warware. 'Yarmu Sharifa ta kai izu goma sha biyar, tana ta yi wa ƙannenta gyaran karatu ko ba su nema ba. Hadari ya taso sau biyu ta wajen Surko, ya yi ta cika baki, sannan ya watse bai ɗiga mana ko ɗigo ba. Shagon ɗinki ya yi shiru tun bayan Salla, ni da keken muna hutawa.

Kin yi waya sau uku kina tambayar jikin Baba, sau uku ina ce miki da sauƙi, yana shan ruwa sosai. Ba da gangan na yi miki ƙarya ba, amma yanzu na gano abin da na riƙa gaya miki ba haka yake ba. A waya ina fara bayani daga farko sai ki ce in yanke in faɗi ƙarshe, ni kuma ban iya wannan ba. Shi ya sa na buɗe littafina da nake rubuta abubuwan yau da kullum, na zauna in ba ki labarin bi da bi. Direban motar albasa zai kawo miki.

Kin san dai ranar Juma'a ta biyu bayan Salla jiri ya ɗebi Baba a ƙofar masallaci, sai da aka riƙo shi. Ma'aikaciyar asibiti ta duba shi ta ce ba wata cuta ba ce, ruwa ne ya yi ƙaranci a jikinsa, kuma a irin wannan zafi tsoho ba ya jure haka. In ba a sa shi yana sha ba, na gaba ba a ƙofar masallaci zai tsaya ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Shi kuwa Baba da muka dawo gida cewa ya yi shi ba rariya ba ne da za a riƙa ɗura masa ruwa, wanda yake kurɓa lokacin alwala ma ya ishe shi. Sai na tuna da ruwan Inna, Allah ya jiƙanta, wanda take haɗawa duk bazara ta sa a tulu ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Tun muna yara ban taɓa ganin kofin nan ya dawo daga zaure da ragowa ba. Na ce to, ga magani.

Matsalar ita ce babu wanda ya san yadda take haɗa shi. Barira ta ce ita dai ta san akwai tsamiya da kankana, saura kuwa Inna ba ta bari a tsaya mata a kai. Ta ce in bari ta yi mana zoɓo kowa ya huta. Na ce a'a, abu ne da za a bi a hankali. Na ware shafi a littafi, na ja layi huɗu: rana, abin da na zuba, ko Baba ya sha, da abin da ya ce. Na farko na jiƙa tsamiya tun da hantsi, na tace, na matse jan kankana a rariya, na murza na'a-na'a a tafin hannu na zuba, da ɗan sukari. Bayan azahar na kai masa zaure, na tsuguna na ajiye a gefen tabarma, na tashi na ba shi wuri kamar yadda aka koya mana. Da la'asar Barira ta ɗauko kofi, babu ko ɗigo. Na rubuta: ya sha duka. Har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da yamma na tambaye shi yadda ya ji. Ya ce ba laifi, amma tsami ya yi yawa. Washegari na rage tsamiya na ƙara kankana, ya ce yanzu kuma ya yi salam kamar ruwan wanke ƙwarya. Na uku na sa citta, na huɗu kanumfari, na biyar ya ce kanumfarin ya mayar da shi kamar maganin haƙori. Daga nan na daina zuba abu da ka. Na ɗauko tef ɗin ɗinki ina auna citta, inci ɗaya da rabi, ina ƙirga ganyen na'a-na'a, ina ƙirga kanumfari. Barira ta daina shiga kicin in ina ciki, wai ba za ta iya kallon mutum mai gemu yana gwada citta kamar zai ɗinka mata riga ba. Ta kuma fara kira na Malam Likita a gaban yara. Ban kula ta ba, domin na tara ya fito da kyau ƙwarai: kankana rabi, tsamiya kaɗan, lemon tsami ɗaya, na'a-na'a ashirin da biyar, citta inci ɗaya. Ranar Baba ya ce wannan ya yi, a ƙara yawa, a kuma sa ƙanƙara. Maganar ƙanƙarar ta ɗan tsaya mini, don kin san Baba bai taɓa yarda da ita ba, cewa yake tana tsinka masa haƙora. Amma na ce wataƙila ni ne ban san mahaifina ba, na rubuta: Baba ya fara son ƙanƙara.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, littafi yana cewa kullum ya sha duka, amma mutumin ba ya nuna alama. Leɓɓansa a bushe, idonsa ya faɗa, in zai miƙe sai ya dafa bango. Na yi zargin ma'aikaciyar asibiti, na yi zargin kofin ko ƙarami ne, na auna shi da kwalba. A ƙarshe na zargi kaina, na ce lalle akwai abin da Inna take sawa wanda ban sani ba, kuma shi ne mai aikin. Sai na hau babur ranar Talata na tafi Maruta wajen Iya Azumi, tunda ita da Inna tare suka tashi ɗaki ɗaya.

Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na karanta mata gwaji tara daga littafi, tana saurare tana tauna. Da na kai wajen inci ɗaya na citta ta tambaye ni ko cittar za ta je ɗaurin aure ne. Ta ce ita Yaya, wato Inna, cikin tafi take zubawa, in zafi ya yi yawa ta ƙara, in ranta a ɓace yake ta ƙara citta. Na tambaye ta tafin wa, nata ko na Inna, don ba girmansu ɗaya ba. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce tun ina yaro ta gaya wa Inna a bar yaron nan ya riƙa fita wasa. Duk da haka ta ba ni abu uku da ban sani ba. Ba na'a-na'a kaɗai ba, har da ɗaɗɗoya. A tulu ake sa saiwar jema don ƙanshi, ba ƙanƙara ba. Na ukun kuma ɓawon maɗaci, ɗan mitsitsi kamar farcen ƙaramin yatsa, a jefa a jiƙon tsamiya a cire kafin a tace. Ta ce shi ne ke sa a ji an sha abu. Ta yanko mini da kanta, ta ƙulle a bakin leda, ta haɗa ni da mangwaro fal buhu wanda ya kusa kayar da ni a kwanar Gwaram.

Ranar Laraba na haɗa na goma daidai yadda ta faɗa. Da na ɗanɗana sai da hawaye ya zo mini, rabi don tuna Inna, rabi don ɗaci. Na kai zaure, na ajiye, na fita. Kofi ya dawo babu komai. Alhamis ma haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Malam Dabo ya tare ni. Kin san shi, abokin Baba na ƙuruciya, tsohon dillalin shanun nan da yake zuwa zaure kullum bayan azahar da rediyonsa. Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce Rabi'u ɗan albarka, me ya yi mini da zan saka masa da haka? Na ce Baba Dabo, me ya faru? Ya ce kwana biyu ke nan bakinsa a karkace yake har la'asar, ko goro ba ya ji. Ya ce na ran Litinin ɗin nan mai lemon tsami, shi ne daidai, ƙanƙara kawai ta rage, don me zan canza hannu bayan mun sha wahala mun kai ga gaci? Ya ce shi fa bai taɓa ɓoye mini gaskiya ba, in tsami ya yi yawa ya aiko a gaya mini, in kanumfari ne ya aiko a gaya mini. Yaya, a nan na lura da mutumin da kyau. Ya yi kumatu, fatarsa tana sheƙi kamar ango. Kwana goma sha ɗaya ina gyara ruwa daidai da harshen Malam Dabo, Baba kuwa saƙo kawai yake isarwa.

Na dawo gida na zauna da littafi a hannu, ban san ko in yage shafin ba ko in gyara sunan da ke sama. Barira ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta gama ta share ido ta ce abin ba na dariya ba ne, tsohon nan kwana goma sha ɗaya bai sha komai ba. Ta ce gobe in na kai kofi kada in tashi. Na ce ta yaya zan zauna ina kallon Baba yana shan abu, a gidan nan wa ya taɓa yin haka? Ta ce to in zaɓa, ko in ji kunya ko in sake ɗaukar shi zuwa asibiti.

Jiya Asabar na kai kofi tun kafin Malam Dabo ya iso. Na tsuguna na ajiye, ban tashi ba. Na kafa ido a ƙasa, ina bin wani cinnaka da yake jan ƙwayar gero. Baba ya ce an gode. Na ce to. Ya ce Allah ya yi albarka. Na ce amin. Sannan ya tambaye ni ko allura ta faɗi ne nake nema. Na ce a'a. Ya ce shagon fa, ɓarayi aka bar wa? Ni dai ban motsa ba. Ana haka Malam Dabo ya yi sallama, ya leƙo, ya gan ni, ya ga kofi, ya ce ya tuna ya bar akuya a sake, ya juya.

Can na ji Baba ya ɗauki kofin. Ya shinshina, ya kurɓa. Sannan ya tambaya wa ya gaya mini maganar maɗaci. Na ce Iya Azumi. Ya ce lalle wannan shi ne na mahaifiyarmu, babu ragi babu ƙari, kuma shekara arba'in da shida yana shan sa bai taɓa jin daɗinsa ko rana ɗaya ba. Na ɗago kai ban sani ba. Ya ce ai ita ba ta taɓa ce masa sha ba. Za ta ajiye kofi, ta zauna a bakin tabarma da farantin wake tana tsincewa, tana ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya, ba za ta tashi ba sai ta ga gindin kofi. Ya ce shi kuma don ta tashi ya samu ya yi ƙailula yake shanyewa. Ya ce tun da ta rasu kowa sai ya ajiye masa abu ya gudu, kamar ana ba kura abinci. Yana faɗa yana kurɓa, yana yamutsa fuska, har ya kife kofin a kan tabarma.

Na ce gobe zan cire maɗacin, in yi masa na tara mai daɗi. Ya ce kul, na tara a ba Dabo, shi ne mai kwaɗayi. Nasa a bar shi yadda yake. Sai dai ya kafa mini sharaɗi, wai in zan zauna in zo da abin yi a hannu, don ƙato ya tsuguna yana kallon ƙasa kamar an kama shi da sata yana sa ruwa ya sarƙe shi. Yau bayan azahar Barira ta miƙo mini farantin wake. Na zauna a bakin tabarma a zaure, ƙofa a buɗe, masu wucewa suna rage tafiya suna leƙe. Ban iya labarin haihuwa da tafiya ba, sai na ba shi labarin yadda ake gyara zaren keke in ya harɗe. Ya shanye kofi biyu da sauri ƙwarai, ina jin don in yi shiru. Wannan karon da idona na gani.

Ki gaida Alhaji Hadi da kyau, ki gaida Khuzaima da Ummussalma, ki ce su dage da karatu. Barira tana gaishe ki, Sharifa da ƙannenta suna gaida Gwaggo. Iya Azumi ta ce in gaya miki kin yi nisa da yawa. Malam Dabo ma yana gaisuwa, ko da yake har yanzu gaisuwar tamu a tsaitsaye take. Baba ya ce kada in gaya miki komai daga cikin wannan, wai in kika ji za ki hau mota ki zo, ku zama ku biyu a bakin tabarma. Ni dai na faɗa, kuma tabarmar tana da faɗi.

Wassalam,
ƙaninki,
Rabi'u.