Shaidar da Auta Take Jira

Zuwa ga ƙawata, uwar Direba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya gida, ya ciwon gwiwar nan? Matar maƙwabcinmu ce ke rubuta mini, ni ina faɗa, don kin san ni da biro ba mu taɓa gaisawa ba. Na yi ta zuwa gidanki har na gaji. Kullum a ce kin fita, ga takalminki kuwa a bakin ƙofa yana kallona.

Maganar 'yata Auta ce. Kin ji ta kai batun aurenta da ɗanki kotun coci. Fada, limamin cocinmu, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce rashin haihuwa kaɗai ba ya taɓa aure. Amma in mutum ya san ba zai haihu ba, ya ɓoye da gangan don yarinya ta yarda, to auren bai ɗauru ba tun ranar farko. Sai dai suna son wanda ya sani ya zo ya faɗa.

Ke kika sani. Ranar da suka rabu, ɗanki da bakinsa ya gaya mata ke kika raka shi asibiti bayan ciwon da ya yi yana saurayi, kina zaune likita ya ce ba zai haihu ba. Yanzu ya ce bai taɓa faɗa ba.

Ina tuna yadda kika riƙa kawo mata jiƙon maganin haihuwa a gora, tana toshe hanci tana sha, kina tsaye kina ce mata ta daure. Ni har godiya nake miki. Ba tonon faɗa nake ba, abin ne yake dawo mini in ina share coci.

Yau tana zaune da kafintan nan da ta samu bayan rabuwarsu, 'ya'yansu biyu, babban har ya iya satar mini sukari. Ba za a ɗaura musu aure ba muddin na farko na nan. In an tashi karɓar tarayya, jibin Ubangiji, ita ba halin ta karɓa, sai ta sunkuya tana gyara wa ƙaramin takalmi har layi ya ƙare. Ina so in ga ta karɓa kafin a rufe ni. Ke kika riƙe ta ranar baftisma, 'yarki ce. Ki je ki faɗa, don Allah.

Taki,
Mai Tsintsiya

Zuwa ga uwar Direba,

Ina gaisuwa. Da fatan kin tashi lafiya.

Fada ya kira mu jiya. Ashe kin je. Kin ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki kin ce ba ki san komai ba, ba ki taɓa raka kowa asibiti ba. Don haka auren na nan yadda yake. Fada ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, na tambaye shi da wace shaidar, sai ya cire tabarau yana gogewa.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta ce mini, Inna, ai na gaya miki, uwa ba ta tona ɗanta. Ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Kafinta ya zo da yamma ya gyara mini ƙafar kujera.

Na yi ta neman in tsane ki, na kasa. Tare muka yi wankin mutane muka ciyar da yaran nan, ke kika wanke mijina da ya rasu. Ƙila da nawa ɗan ne haka zan yi. Ban sani ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ran Lahadi in Fada ya ce a ba juna hannun salama, kada ki juyo. In kin juyo zan miƙa miki, ni kuwa ba na so in yi ƙarya a gaban bagadi.

Ki gaida ɗanki.

Ni ce,
Mai Tsintsiya